Akwati Biyu na Baba Kuku

Ina shekara ta biyu a ɗakin aure ke nan, a Haɗejiya, lokacin da Turawa suka fara ɗaure kayansu ɗaya bayan ɗaya suna komawa gida. Maigidana, Allah ya jiƙansa, makanike ne. Manyan motocin da ke jigilar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori su yake gyarawa. Da la'asar zai shigo hannuwansa baƙi ƙirin, in zuba masa ruwa da toka ya wanke. Ni kuwa na yi 'yan shekaru a makarantar 'yan mata a Kano kafin aure, ina karanta Turanci daidai gwargwado. Shi bai iya ba, sai lambobin da ke jikin ƙarfe. Don haka yake ce mini Malama, in kuma tsokana ta motsa masa ya ce Malama 'yar boko.

Akwai wani Bature da ke kula da noman shinkafa a fadama. Gidansa yana bayan gari, a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Maigida ne ke gyara masa ɗan injinsa na wuta, kuma a can ya gano abin da ya hana shi sakat. Baturen yana da akwatunan ƙarfe guda biyu a kan tebur, da wata doguwar waya da ya ɗaure tsakanin giginyoyi biyu. Rediyo ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Da akwati ɗaya yake jin mutanen wasu ƙasashe, da ɗayan kuma yake mayar musu da magana. Ba aikin gwamnati ba ne, sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Maigida ya raɗa musu suna. Na sauraro shi ne Kunne, na magana shi ne Baki.

Wata rana ya dawo bai ko tsaya wanke hannu ba.

"Malama, yau na yi magana a ciki."

"A cikin me?"

"A Baki mana! Baturen ne ya miƙo mini ya ce in faɗi wani abu. Na rasa ta cewa, sai na yi sallama. Wallahi wani ya amsa. Ya cika ta har da wa barakatuhu. Wai daga wajen Masar."

Na ce, "To me ka ce masa bayan nan?"

"Ina na ga bakin cewa wani abu? Mayar wa Baturen abinsa kawai na yi."

Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari, ban kuwa taɓa gajiya da shi ba. Tun daga ranar ya sa wa ransa sai ya mallaki irin wannan abu, ya zauna a zaurensa ya gaisa da mutanen da bai taɓa gani ba. Da ya ji cewa sai da lasin ake barin mutum ya yi magana, kuma ba a ba da lasin sai ga wanda ya iya bugun tangaraho, sai ya ƙulla abota da akawun gidan waya, wani mutumin kudu mai fara'a, yana koya masa. A gida cokali da faranti suka shiga uku. Ina tuƙa tuwo yana ƙwanƙwasa mini saƙo, wai in gane cewa miya ta yi gishiri.

Da ruwan fari ya sauka a shekarar, Baturen ya tashi tafiya. Akwatunan sun yi masa nauyi, sai ya bar wa kukunsa su a matsayin kyautar ban kwana. Dattijo ne, mutumin Kirikasamma, ya daɗe yana dafa masa abinci, duk gari Baba Kuku ake ce masa. Baturen ya ce masa ya kai su Kano ya sayar. Amma Baba yana tsoron Kano, ya ce garin masu wayo ne, kuma hankalinsa ya riga ya koma gida. So yake ya isa kafin ruwa ya cika fadama, ya koma sana'ar iyayensa ta su, wato kamun kifi.

Ranar kasuwa ya ɗora su a kan jaki ya kai wa dillalai. Suka aro batirin mota suka haɗa, suka yi ta murɗawa. Babu kiɗa, babu labarai, sai shuu, sai fito, sai ƙit-ƙit ɗin tangaraho. Ɗayan akwatin ma ko tari bai yi ba. Suka yanke hukunci cewa rediyon da ba ya waƙa ya lalace. Wani ya ce maƙera za su so ƙarfen. Wani ya ce in aka zubar da kayan cikin za a sami wurin ajiyar goro. Mafi tsokar tayi shi ne fam ɗaya da sule goma.

Labari ya iske maigida a gareji. Kafin azahar ya sayar da kekensa, ya janyo Baba da jakinsa har ƙofar gidanmu.

A wancan zamani ciniki yana da ladabinsa. Mai kaya ba ya faɗin kuɗi. Mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka, wato bai kai ba, a ƙara. Haka za a yi ta hawa har ya ce ya sallama. In kuwa kalmar nan ta fita daga bakin mai mutunci, an gama, ko da wani zai zo da ninki goma. Ina bayan bangon zaure ina matsar man gyaɗa, ina jin komai. Maigida bai tsaya jan rai ba, ya faɗi duk abin da ke aljihunsa.

"Baba, fam huɗu."

Na saurara in ji albarka. Ban ji ba.

"Na sallama," in ji Baba. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai dai ka san abin, ni ban sani ba. Abin da ka ce shi ne."

Ba zan ce maigida ya cuce shi da gangan ba. Ya san kayan sun fi abin da dillalai suka taya, shi ya sa ya ninka ya ƙara. Amma ainihin kuɗinsu bai sani ba, kuma ina jin bai so ya sani ba.

Washegari ya tafi aiki, ni kuma na ɗauko akwatin katakon da aka zubo wayoyi a ciki, ina so in goge shi in riƙa ajiye kwanuka. A ƙasansa na tarar da ambulan mai ruwan ƙasa. Takardu ne na Turanci, da zane-zanen wayoyi, da rasit guda biyu daga wani kanti a Ingila. Na zauna a bakin turmi na karanta. Kunne fam ashirin da biyar. Baki fam sittin. Na sake karantawa ina bin lambobin da yatsa, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Na naɗe takardun na tura su ƙarƙashin jeren kwallayena, can ƙasa inda hannun namiji ba ya zuwa.

Kwana uku na yi da su. A kwanakin nan ban taɓa ganin maigida cikin farin ciki irin haka ba. Ya samo doguwar gora ya kafa a tsakar gida, ya hau gorubar bayan ɗaki ya ɗaure waya, yana waƙa da muryarsa marar daɗi. Yana goge Baki da gefen rigarsa kamar mai goge fuskar jariri. Ya ce kafin kaka zai ci jarrabawar lasin, kuma mutumin farko da zai nema shi ne na Masar ɗin nan, ya ba shi haƙuri a kan shirun da ya yi masa.

Ni kuwa ina ta shari'a da kaina. Na ce ai ba a tilasta wa kowa ba. Na ce ai mun fi dillalai. Na ce duk unguwar nan ba macen da za ta iya karanta takardar nan, da wata ce ta same ta da tuni ta hura wuta da ita, ba kuma zunubi a kanta. Duk gaskiya ne. Amma in na tayar da salla sai lambobin su tsaya mini a gaba, har in rasa raka'a nawa na yi. Mahaifina ɗan kasuwa ne, ya sha gaya mana cewa wanda ya ce maka bai san kuɗin kayansa ba, ya bar maka, to ya ɗora maka amana ne, ba ciniki kuke yi ba. Kuma da kunnena na ji Baba ya faɗi haka.

A rana ta uku da hantsi, ranar Juma'a ce maigida yana gida, Baba ya zo ban kwana. Ya kawo mini burodi guda, irin wanda yake gasa wa Bature, naɗe a cikin tsumma mai tsabta. Da yake dattijo ne maigida ya ce in fito mu gaisa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"'Yata, ga wannan, na ƙarshe ke nan da zan gasa. Can gida ba murhunsa."

Na yi godiya. Na ce, "Baba, in ka koma me za ka kama?"

"Su mana. Kuɗin nan na mijinki sun isa in sayi komar kamun kifi mai kyau. Na so a ce har da kwalekwale, to ba su kai ba. Ba komai, gora tana nan. A kanta na koyi ruwa." Ya yi dariya ya shafa gwiwarsa. "Sai dai a lokacin ƙafafun nan ba su san sanyi ba."

Na san yadda masunta ke kifa ciki a kan babbar gora, rabin jikinsu a ruwa, tun safe har rana ta take. Na dubi furfurarsa, na dubi burodin da ke hannuna da ɗuminsa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ce jibi zai tashi.

Yana fita na shiga ɗaki na sauke kwallaye. Na kawo takardun na ajiye a gaban maigida, na karanta masa, na fassara. Ya ɗago ya dube ni.

"Tun yaushe kika gani?"

"Yau kwana uku."

"Da kin ƙona ta."

"Na yi tunanin haka."

"Me ya hana ki?"

"Na riga na karanta, Malam."

Ya miƙe tsaye. "Ni na aike ki? Kwanuka kika ce za ki zuba a akwatin, ba bincike ba. Wannan boko naku!" Ya saka takalmi ya fita bai ce ga inda za shi ba. Na zauna na yi kukana. Ban san ko na yi daidai ba, abin da na sani kawai na taɓa masa abin da ya fi so.

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Na ji muryoyi uku a zaure, tasa, da ta Baba, da ta akawun gidan waya. Na matso bayan bango da tsintsiya a hannu, don in an gan ni a ce shara nake yi.

Maigida ya bayyana wa Baba abin da takardar ta ce. Ya ce zai nemo ƙari ya ba shi. Baba ya ƙi ƙememe.

"Ɗana, ni yaro ne? Na ce na sallama. Bakina ɗaya ne. So kake a ce a Kirikasamma tsohon nan ya sayar da kaya ya dawo yana kuka? Ko sisi ba zan karɓa ba."

"Baba, haƙƙinka ne."

"Haƙƙina fam huɗu ne, ga su nan a lalitata. Sauran rabonka ne, Allah ya ba ka."

Akawu ya sa baki, Baba ya ce masa shi ya tsaya ga wayarsa. Na ɗauka magana ta ƙare, har wani ɓangare na zuciyata ya fara murna, Allah ya yafe mini. Sai na ji maigida ya gyara murya.

"To Baba, bar maganar ƙari. Ni ne na yi nadamar sayen. Ina roƙonka alfarma, ka karɓi kayanka ka ba ni kuɗina."

"Au! Kayan ne ba su yi maka ba?"

"Sun yi mini yawa."

Nan ya kama shi. Kowa ya san mai sayarwa ba ya janye sallamarsa, amma kowa ya san kuma in mai saye ya dawo da nadama, karɓar kayan alheri ne mai lada, dattijon kirki ba ya ƙi. Baba ya yi ta gunaguni, yana cewa yaran zamani ba su san abin da suke so ba. Na ji ƙarar kuɗi a kan tabarma.

Sannan akawu ya kama nasa aikin. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Ya kwance bayan akwatunan da ɗan sukudireba, ya sa hanci ya sansana, wai in wani abu ya ƙone a ciki wari ke fara faɗa. Ya haɗa batir ya tsaya kallon 'yan kwalaben ciki suna yin ja kamar garwashi, yana taɓa kowace da bayan yatsa. Ya ce wa Baba kada ya ɗora ransa a kan takardar, kuɗin sabo daban, na tsoho daban. Kunne ya sha aiki, kwalbarsa ɗaya ta raunana, kuma ba a samun irinta sai an aika Ikko, in an ba da fam shida ko bakwai an yi adalci. Baki kuwa lafiyarsa lau, kusan sabo ne. Ya ce ya san wani ma'aikaci a Kano da zai biya wajen fam talatin yana godiya, zai rubuta masa takarda.

"Talatin?" in ji Baba. "Wannan bebe? Wanda ko tari bai yi ba a kasuwa?"

"Shi ne babba, Baba," in ji akawu. "Ba ya magana sai an yi masa magana, kamar alƙali."

Maigida bai yi dariya ba. Ya dubi Baki ya daɗe, sannan ya juya masa baya, ya ɗora hannu a kan Kunne.

"Baba, wannan. Fam huɗu."

Baba ya saci kallon akawu. Ya gyara zama, ya tura hula gaba.

"Albarka."

Akawu ya fashe da dariya. "Baba ya iya ashe!"

"Da ma na iya. Shekara nawa ina sayo wa Bature kaji? A ƙara."

"Baba, ka san abin da ke hannuna, yanzu ka ƙirgo mini su."

"Ina ruwana? Kai ka ce a yi gaskiya. Albarka."

Na ruga ɗaki. Ina da 'yan sulalla da nake tarawa na mai da ƙuliƙuli, ɗaure a tsumma, sun kai fam biyu. Na dawo na ƙwanƙwasa ƙyaure, na miƙa hannu kawai ban nuna fuska ba. Maigida ya karɓa. Na ji yana kwancewa.

"Shida," ya ce, a hankali.

"Albarka," in ji Baba. Sai kuma ya ƙyalƙyale. "A'a, wannan don daɗin faɗi ne kawai. Na sallama. Amma don mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba don kai ba. Kuɗin ma ƙanshin ƙuli suke yi."

Baba ya ɗaga tafiyarsa da mako guda. Maigida da kansa ya naɗe Baki a cikin buhu, ya ɗauke shi a ka har inda motar Malam Madori ke lodi don a kai shi Kano, ya hana kowa taɓawa. Ni ban ga wannan ba, maƙwabciyata ce ta gaya mini, ta ce ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace. Kuɗin suka zo ta hannun akawu, Baba ya sayi kwalekwalensa. Duk shekara in ruwa ya janye sai ga ƙunshin bandar kifi daga Kirikasamma, har shekarar da bai zo ba, muka gane, muka yi masa addu'a.

Bayan cinikin nan na zaure, maigida ya yi kwana biyu ba ya ce mini komai sai gaisuwa. Bai sake zuwa gidan waya koyon bugu ba. Na yi ta jira in ji cokali a kan faranti, shiru. Daga baya 'ya'ya suka zo, hidima ta yi yawa, wani Bakin bai sake ratsowa ta Haɗejiya ba, ko da ya ratso ba mu da kuɗinsa. Har ya koma ga Allah bai ƙara yin magana a iska ba, sau ɗayan nan ne. Bai kuma taɓa goranta mini ba, ko a cikin faɗa. Na fi son da ya yi, da na sami abin amsawa.

A rana ta uku da yin cinikin nan, da yamma, an ɗauke ruwa ke nan, indararo yana ɗiga, kwaɗin fadama sun fara, na ji ya kira daga zaure.

"Malama! Zo ki ji wannan, me yake cewa?"

Na goge hannu na je. Ya matsa mini a kan tabarma, ya ciro abin sauraron daga kansa ya ɗora mini. Da farko shuu kawai nake ji, kamar ana sheƙar gero. Can sai ga muryar wani mutum, tana zuwa tana komawa, yana Turanci a hankali kamar mai jin barci.

"Da wani yake magana," na ce. "Wai ƙafar matarsa ta yi sauƙi."

"Alhamdu lillahi. Sai me?"

"Wai an yi musu ruwa yau, bayan sun daɗe suna jira. Kabejinsa ya farfaɗo."

"A ina yake?"

"Bai faɗa ba. Ko ya faɗa ban kama ba."

Ya karɓi abin ya kara a kunne ɗaya, ya bar mini ɗayan, kawunanmu a haɗe. Bai fahimci ko kalma ba, amma yana gyaɗa kai a duk inda mutumin ya numfasa. Da muryar ta nutse cikin shuu, ya ɗan murɗa ko za ta dawo. Ba ta dawo ba. Ya dubi tsakar gida inda ruwa ya kwanta.

"Da na ce masa nan ma an yi," ya ce.

Na ce, "Bari in duba tukunya, kada ta kama."